Gilashin tsohuwar motarka na tafiyar hawainiya? Dakata, kada ka sayi sabon inji tukuna

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhaja, mu leƙa cikin ƙofar mota. Amma kada ka ajiye wayar taka, don da ita za mu yi rabin aikin.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: yawancin injinan gilas da ake cirewa daga tsofaffin motoci a yar, lafiyarsu ƙalau. An bar jaki ne ana dukan taiki. Ƙura, busasshen giris da tsatsar waya su ne masu laifi, amma inji ake kamawa, saboda shi ne abin da ake iya saye a kasuwa a ɗaura cikin awa ɗaya.

Ga abin da ya sa na ce haka.

Ina da kawu a Bunkure, manomin shinkafa da tumatir. Yana da Marsandi irin wadda muke ce wa V-boot, wato samfurin W124 da aka fara fitarwa a 1984, aka daina ƙera mai but ɗin a 1995. Ka ga ko autarsu ta ga shekaru. Da ita yake zuwa gona, da ita yake bin buhunansa zuwa injin casa a Kura, da ita yake kai iyali biki. Da bazarar bara gilashin ɓangaren direba ya fara nawa. Wani mai wayarin a cikin birni ya danna maɓalli sau biyu, ya ce inji ya mutu. Kawu ya biya aka sayo na Baljiyam aka ɗaura. Sati biyu ba a yi ba, gilas ya koma gidan jiya. Daga nan fis ya fara ƙonewa, yaron shagon ya naɗe shi da zaren waya ya ce a je an gama.

Da na je gaishe shi na ga wayar nan a naɗe, na ce, “Kawu, wannan ai gobara kuke yawo da ita.”

Ya ce, “To ɗana, ya zan yi? Inji biyu ke nan. Ko dai motar ce ta gaji da ni?”

Na ce, “Ku ba ni yinin gobe, da bokitin ruwa da omo.”

Na buɗe agogon ƙidayar sakan na wayata. Daga ƙasa zuwa sama gilashin ya ci sakan 19. Muka wanke robar da gilashin ke bi, ya dawo 9. Muka goge fis da makunni, ya dawo 5. Shi kuwa tsohon injin da aka ce ya mutu, yana nan a but cikin leda. Na jona shi da batir, ya juya kamar fanka. Kuɗin da ya isa a rage wani abu a taki, ya tafi a banza.

ME YA SA YANKINMU YA FI CIN GILAS?

Duk wanda ya san Kura, Bunkure, Kadawa da Garun Malam ya san hanyoyin da ke bin gefen kanal. Ruwan da ake noman rani da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, ƙarƙashin kulawar hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are. Albarka ce babba, amma ga mota gwaji ne. Da rani jar ƙura, da hunturu hazo, lokacin girbi ƙaiƙayin shinkafa, da damina taɓo. Sannan ga ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40, tana busar da roba har ta tsattsage.

Gilashin ƙofa ba a iska yake tafiya ba. Yana bin wata kwata ce ta roba mai laushin gashi a ciki, hagu da dama. Idan ƙura ta cika kwatar nan, ta haɗu da danshi, sai ta zama kamar sanfefa. A cikin ƙofar kuma akwai ƙarfen da ke ɗaga gilashin. Wani mai haƙora ne da hannu kamar almakashi, wani kuma da siririyar igiyar ƙarfe yake ja. Giris ɗin da kamfani ya shafa masa shekara talatin da suka wuce, yanzu ya koma kamar busasshen ƙullin tuwo.

To inji ɗan ƙarami ne. Idan nauyi ya ƙaru, sai ya ja wuta da yawa, ya yi zafi. Yawancinsu suna da wani ɗan abin kariya a ciki da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ya mayar idan ya huce. Shi ya sa za ka ga gilas ya tsaya cak a tsakiya, bayan minti biyar ya ci gaba. Ba aljanu ba ne, ba kuma mutuwa ya yi ba. Kuka yake yi cewa kaya sun yi masa yawa. Ka ɗaura sabo a kan wannan nauyin, shi ma kukan zai yi.

Matsala ta biyu ita ce wutar ba ta isa wurinsa cikakkiya. Daga batir sai ta bi fis, ta bi makunni, ta ratsa wayoyin da ke lanƙwashewa a gaɓar ƙofa, kafin ta kai inji, sannan ta koma ta wayar negatif da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Duk inda tsatsa ta taɓa, ana karɓar haraji. Lissafin mai sauƙi ne: idan inji na jan amfiya 8, tsatsa kuma ta kawo turjiya ta 0.3 om kacal, volt 2.4 sun salwanta a hanya. Batirinka na da 12.6, inji na ganin wajen 10. Ta ina zai yi sauri?

GWAJIN DA ZA KA YI DA WAYARKA KAFIN KA KWANCE KO DA NOTI ƊAYA

1. Auna lokaci. Buɗe agogon ƙidayar sakan, ka auna kowane gilas hawa da sauka, ka rubuta a wayar. Yi sau ɗaya mota a kashe da makulli a buɗe, sau ɗaya kuma inji na aiki.

2. Karanta sakamakon. Idan duka huɗun ne ke nawa, nemi abin da suka yi tarayya a kai: batir, caji, fis, ko wayar negatif. Idan ɗaya ne kawai, matsalar tana cikin wannan ƙofar ko makunninta. Idan suna sauri sosai da zarar an tayar da mota, wuta ce ba ta isa. Idan sauka da gudu, hawa da rarrafe, ka fi zargin gogayya da nauyi. Hawa dama yakan ɗan fi sauka jinkiri, amma ba ninki uku ba.

3. Gwajin ruwan sabulu. Sauke gilas, ka tsiyaya ruwan omo kaɗan a kwatar roba ta hagu da dama, ka ɗaga. Idan nan take ya ƙara sauri, ka kama ɓarawonka. Inji ba shi da laifi.

4. Gwajin fitilar rufi. Da dare, mota a kashe, kunna fitilar cikin mota ka danna maɓalli. Idan fitilar ta dushe sosai gilas kuma na nishi, wuta na kaiwa, inji na fama da nauyi. Idan ko ƙiftawa ba ta yi ba, gilas kuma bai motsa ba, wutar ce ba ta ratsawa.

5. Saurara. Ɗauki bidiyo kusa da ƙofar. Ƙarar ƙas-ƙas ko tsalle-tsalle alama ce ta haƙori ya cinye ko igiya ta fara warwarewa. Gilas da ke karkata gefe ɗaya yana hawa, ƙarfen ne ya saki ko robar riƙonsa ta karye.

Wannan bidiyon da lambobin su za ka nuna wa mai gyara. Wanda ya zo da hujja, ba a cika yi masa cinikin kan-ta-waye ba.

GYARA, DAGA MAI ARAHA ZUWA MAI TSADA

Na farko, wanka. Tsohon buroshin haƙori, tsumma a naɗe jikin siririn kara, ruwan omo. Ka bi kwatar roba daga sama har inda hannunka ya kai. Za ka sha mamakin jar lakar da za ta fito. Wanke gilashin ciki da waje, musamman gefunansa. Bari ya bushe, sannan ka fesa feshin silikon a kwatar, ka ɗaga ka sauke sau huɗu ko biyar kana ba shi hutu.

A kula: feshin silikon na gwangwani nake nufi, ba gam ɗin silikon da ake liƙe gilashin taga da shi ba. Kuma don Allah a daina zuba baƙin mai, man birki, man gyaɗa ko gas a robar nan. Ranar farko zai yi santsi ka ji daɗi. Bayan sati ɗaya a hanyar gona, man ya kama ƙura ya zama kwaɓi, man inji da gas kuma suna kumbura roba su lalata ta. Shi ma WD-40 da aka saba da shi, gwani ne wajen kwance noti mai tsatsa, amma ba ya daɗewa a matsayin man santsi.

Na biyu, fis. Tsofaffin Marsandi irin su 190 da V-boot suna amfani da fis mai kama da harsashi, mai tsini gaba da baya, da siririn ƙarfe a bayansa. Bakinsa kan yi tsatsa fari-fari, ya riƙa zafi alhali bai tsinke ba. Cire shi, goge mazauninsa da sanfefa mai laushi, ka sa sabo mai lamba ɗaya da wanda littafin mota ko murfin akwatin fis ya nuna. In ka samu mai jan ƙarfe ko tagulla, ya fi jure tsatsa.

A nan zan ɗaga murya. Fis mai gadi ne. An yi shi ya mutu don waya ta rayu. Wanda ya naɗe shi da waya ko takardar sigari, ko ya cire mai lamba 16 ya sa mai 25, bai gyara komai ba, mai gadin kawai ya kora. Ranar da gilas ya maƙale wani ya ci gaba da danna maɓalli, wayar da ke ƙarƙashin kafet ita za ta zama fis. Motar da ke ɗauke da jarkar fetur ta injin ban ruwa a but, ka ƙiyasta sauran da kanka.

Na uku, makunni. A V-boot maɓallan a tsakiya suke kusa da giya, suna kallon sama. Duk ƙura, ruwan leda da ɓawon gyaɗa nan suke sauka. Cire kan batir na negatif, ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka zare komai, sannan ka ciro makunnin. Dabara mai sauƙi: idan iri ɗaya ne, musanya na ƙofar da ke nawa da na ƙofar da ke lafiya. Idan ciwon ya bi makunnin ya koma ɗaya ƙofar, magana ta ƙare. A fesa masa abin wanke kayan lantarki irin wanda masu gyaran waya ke amfani da shi, ko a buɗe a goge baƙin da ya taru a kan ƙarafan. A buɗe shi a cikin faranti, don akwai 'yan ƙananan ƙarafa da ke tsalle su ɓace. A motocin Japan da yawa, irin tsofaffin Accord da Camry, wutar sauran ƙofofi ta makunnin direba take ratsawa, don haka ciwon ƙofar baya na iya zama a hannun direba.

Na huɗu, mita. Mitar awon wuta irin ta masu sola da masu gyaran waya ta wadatar. Lafiyayyen batir a huce yana nuna wajen volt 12.6, idan mota na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Cire bangon ƙofa na ciki, ka taɓa bakin mita a wayoyi biyun da ke shiga inji, ba tare da ka zare soket ɗin ba, wani ya danna maɓalli. Wannan sharaɗin shi ne sirrin: a auna inji na aiki. Idan ka zare soket ka auna, ko waya mai sauran zare ɗaya za ta nuna maka 12, ta yaudare ka. Idan abin da ke isa inji ya gaza na batir da fiye da volt ɗaya, akwai ɓarna a hanya. Ja robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota ka duba. Wayoyin nan sun lanƙwashe sau dubbai, sukan karye a ciki rigar waje na nan lafiya. Sannan ka nemo inda negatif ya ɗauru, ka kwance, ka kankare har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure.

Na biyar, ƙarfen ɗagawa. Goge tsohon giris, ka shafa farin giris sabo a haƙora, layin ƙarfe da gaɓoɓi. Duba ƙasan ƙofa, akwai ƙananan ramukan fitar ruwa. Idan laka ta toshe su, ƙofa na zama randa da damina. Buɗe su da tsinke. Ledar nan da ke manne a bayan bangon ƙofa kuma ba ado ba ce, ita ke tare ruwa da ƙura. A mayar da ita, kada a yage a yar.

Gargaɗi: irin mai hannun almakashi yakan zo da sifirin mai ƙarfi. Idan ka kwance inji ba ka tokare ba, hannun na iya fizgewa ya datse yatsa. A tokare gilas da katako ko a manne shi sama da salatif mai faɗi. In ba ka saba ba, wannan matakin na mai gyara ne.

Na shida, sai yanzu muka zo kan inji. A jona shi kai tsaye da batir ta waya mai fis. Mai waya biyu, idan ka juya wayoyin zai juya baya. Idan da cikakkiyar wuta, an wanke, an shafa giris, har yanzu yana nishi, to a buɗe shi. Sau da yawa kabon ne ya cinye ko giris ɗin cikinsa ya daskare, kuma duk mai gyaran janareta ya san aikin kabon. Idan yana warin ƙuna, ko haƙorin robar ciki ya tafi, shi ke nan, a nufi Ƙofar Ruwa. A tafi da tsohon a hannu, a gwada wanda za a saya da batir a gabanka kafin ka biya.

Akwai kuma dabarar ƙara rile biyu a kowace ƙofa, yadda wuta za ta zo ta waya mai kauri daga batir, makunni ya zama ɗan aike kawai. Tana aiki sosai a motar da wayoyinta suka tsufa, amma da sharaɗin a sa fis kusa da batir, kuma ƙwararre ya yi.

NA SAN ABIN DA WASU ZA SU CE

Wani zai ce, “Malam, duk wannan wahalar ta mece ce? A mayar da shi na wanawa da hannu a huta.” Ban raina wannan ba. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975, ta yi shekaru tana yi wa Arewa hidima da gilashin hannu. Idan ƙarfen ya karye, ba a samun irinsa, na hannu ya fi gilashin da aka tokare da sukundireba. Amma a tuna: na hannun ma kwatar roba ɗaya yake bi. In ba a wanke ta ba, ka sauya inji ne kawai, daga na lantarki zuwa kafaɗarka, har marikin ya karye.

Wani zai ce ina zagin masu wayarin. Ko kaɗan. Akwai gwanaye a Kura da Kano da suka fi ni sanin wannan aikin nesa ba kusa ba. Laifin har da mu masu mota. Idan mutum ya yi awa biyu yana bincike ya ce datti ne, sai mu ce ai bai sa komai ba, mu miƙa masa kuɗin shayi. Idan ya ɗaura sabon ƙarfe, mu biya da murna. Mu muka koya musu cewa bincike ba ya kawo abinci. Ka biya kuɗin bincike da daraja, za ka ga an daina sayar maka da abin da ba ka buƙata.

ABIN DA YA FI KUƊI

Gilashin lantarki ya fara ne a matsayin kayan ƙawa, a motar Packard ta Amurka a 1940. A hanyar kanal kuwa ba ƙawa ba ne, ƙofar tsira ce. Idan mota ta zame ta faɗa ruwa mai zurfi, Allah Ya kiyaye, ruwan na danne ƙofa ta ƙi buɗuwa. Farfesa Gordon Giesbrecht na jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya yi gwaje-gwaje da motoci a cikin ruwa, shawararsa ita ce: kwance bel, sauke gilas, fitar da yara, a fice, duk a cikin kamar minti ɗaya na farko, kafin ruwa ya kai gilas. Ba lokacin kiran waya ba ne. To ka auna: gilashin da ke cin sakan 5 da wanda ke tsayawa a tsakiya sai ya huce, wanne kake so iyalinka su zauna kusa da shi?

Sannan tsofaffin motocin nan galibi ba su da na'urar da ke mayar da gilas baya idan ya matse hannu ko wuya. Bayan ka gyara, ƙarfinsa ya dawo. Kada a bar yara a mota da makulli a jiki, a yi amfani da maɓallin kulle gilasan baya in akwai, kuma a waiwaya kafin a ɗaga.

Kawu yanzu duk bayan girbi, da farkon hunturu, yakan sa yara su wanke robar ƙofofi huɗun. Wayar nan da aka naɗe fis da ita ya rataye ta a ƙusa cikin zaure, wai don ta riƙa tuna masa. Injin Baljiyam ɗin na kan ƙofa, na asalin kuma yana ajiye, ya zama safaya.

Kai ma yau da yamma ka fita da wayarka ka auna gilasanka huɗu. Ka faɗa mana irin motar da sakan nawa kowanne ya ci, a kashe da a kunne, za mu taya ka gano inda za ka fara. A tura wa ɗan uwa mai tsohuwar mota, musamman masu bin hanyar gona. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a noman bana.